Ajiyar Mota Da Kiwonta Sa'ad Da Ta Daɗe Ba A Hawa: Darasi Daga Kazage Da Ƙasar Birnin Gwari



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau, in an dube shi sama-sama, sai a ce bai kai a tara mutane dominsa ba. Watau yadda ake ajiye mota, da yadda ake kiwonta, in ya zamana za ta yi watanni ko shekaru ba a hau ta ba. Galibinmu mun ɗauka hawa ne kaɗai ke cinye mota, saboda haka in an kafe ta an kulle, to, ta huta ke nan, yadda aka bar ta haka za a tarar da ita. Makanikai sun san ba haka abin yake ba. Wanda ya ƙera mota ya ƙera ta ne bisa zaton kullum za ta motsa: baƙin mai ya zagaya cikin inji, batir ya sami caji, taya ta juya, zafi ya kori laima. Ran da motsi ya tsaya, ran nan wata irin lalacewa ke somawa, wadda ba ta ƙara, ba ta hayaƙi. Masu doki sun riga mu gane wannan, shi ya sa ko babu tafiya ba su barin doki a turke, sai an fita da shi kilisa.

Na zaɓi in kafa misalina a Kazage, ɗaya daga cikin mazaɓun gabashin Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, maƙwabciyar su Kuyello da Tabanni da Kutemeshi da Dogon Dawa. Dalili kuwa shi ne, da wuya a sami wata ƙasa a Arewa da aka tilasta wa motoci zama kamar wannan. Ƙasa ce ta noma, ta masara da dawa da waken soya, wadda arzikinta ya dogara ga a ɗauki kaya a kai kasuwa. Amma shekaru da dama hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, mai tsawon kimanin kilomita 120, wadda ta bi ta Buruku da Udawa, ta zama sai da rakiyar jami'an tsaro ake bin ta saboda 'yan bindigar da suka yi sansani a dajin Kamuku da na Kuyambana. Haka nan hanyar da ta nufi Funtuwa. A 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta hana sayar da fetur a jarka a wannan ƙaramar hukuma da wasu, kana aka katse layukan waya na wani lokaci. A 2022 mutanen Damari, a cikin mazaɓar Kazage ɗin, da yawa suka bar garinsu. Wanda ya fita da 'ya'ya a hannu ba ya tsayawa neman man mota. Sai a watan Nuwamba na 2024, sa'ad da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan ta daɗe a rufe, sannan masu motoci da yawa suka koma ga abin da suka bari, suka ga abin da zama ya yi masa.

Kada ma'aikacin da ke zaune a Kaduna ko Zariya ya ce wannan ba ta shafe shi ba. A 2020 dokar kulle ta annobar korona ta zaunar da motoci fiye da wata biyu a wannan jiha. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta tashi zuwa wajen naira 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haye naira 1,000 a wurare da yawa. Ma'aikata nawa ne suka jingine motocinsu suka koma hawan babur? Ga kuma wanda aka tura kwas, da malamin jami'a da ya tafi ƙaro ilmi Ingila ko Masar shekara uku. Duk matsalarsu ɗaya ce da ta mai a-kori-kura a Kazage.

Bari mu fara da batir, gama shi ne ke fara mutuwa. Batirin mota, wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙago asalinsa a 1859, farantan dalma ne a jiƙe cikin ruwan asid. In ya cika, ma'auni zai nuna wajen bolt 12.6. Ku ɗauke shi kamar randa mai tsaga biyu. Tsaga ta farko a jikinsa take: ko an cire shi an ajiye a ɗaki, yana zubar da cajinsa a hankali, zafi kuwa yana gaggauta wannan zuba, har masana suna ƙiyasta cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana kusan ninka ta. Ku tuna da zafin bazara a cikin motar da aka rufe. Tsaga ta biyu ita ce mota kanta. Tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kakuri da aka buɗe a Kaduna a 1975, in an zare makulli kusan kome ya mutu, sai agogo. Motocin yanzu kuwa ba su barci: na'urar da ke sarrafa inji, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota, da rediyo, da na'urar kulle ƙofa, duk suna tsotsar wuta dare da rana.

Ga lissafin, don ɗalibai su gwada da kansu. A ce batir yana ɗauke da awo 60, watau zai iya ba da amfiya ɗaya har awa 60. A ce motar da ke kashe tana jan 0.03 na amfiya, wanda ba wani abin mamaki ba ne. A kwana ɗaya ta sha 0.72, a wata ɗaya ta sha wajen 22. Fiye da sulusin batir ke nan ya tafi a wata guda, ban da abin da zafi ya ci. Kafin wata biyu ba zai iya juya inji ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne, batirin da ya sauka ya zauna a sauke, wani farin gishiri yakan kama farantansa ya daskare, ya ƙi narkewa ko an kai shi wurin mai caji. Shi ya sa za ku ji mutum yana rantsuwa batirinsa sabo ne, bai yi wata shida da saye ba, amma ya ƙi riƙe wuta. Gaskiya ya faɗa. Zama ne ya kashe shi.

Maganin ba shi da tsada. A kwance kan batir, a fara da na baƙar waya mai alamar ragi, don kada sifana ta haɗa wuta da jikin mota. In ajiyar za ta wuce wata biyu, a ciro shi ɗungum a sa shi a inuwa, inda yara ba su kaiwa, a riƙa kai shi caji duk wata ɗaya ko biyu. A ƙauyen da babu wutar lantarki, ɗan ƙaramin faifan sola mai na'urar daidaita caji ya wadatar. Wanda ke da wata motar ko janareta mai amfani da irin batirin, gara ya sa shi aiki da ya bar shi ya mutu a banza.

Yanzu sai wata al'ada da nake so mu tsaya a kanta, domin masu yin ta suna ganin kirki suke yi wa motar. Ita ce a sa yaro ya riƙa tayar da inji kowace safiya minti biyar, ya kashe. A ganina wannan ya fi barin motar shiru illa. Duk litar fetur da inji ya ƙona, tana haifar da tururin ruwa kusan lita guda. Ruwan da kuke gani yana ɗiga daga salansa da sassafe ke nan. In inji ya yi tafiya ya kai zafinsa na aiki, wajen digiri 90, ya daɗe a haka, ruwan yakan ƙafe ya fice. Amma in minti biyar ne, sai tururin ya kwanta a cikin salansa mai sanyi ya ci ta daga ciki, wani kuma ya gangara ya gauraya da baƙin mai. Bugu da ƙari, wutar da kik ya zuƙa wajen tayarwa, minti biyar a tsaye ba ya mayar da ita. Watau kullum ana ɗiba a randa, ana mayar da ƙasa da abin da aka ɗiba. In za a yi kilisa, a yi ta gaske: a fita da motar duk mako biyu, a yi tafiyar minti 20 zuwa 30, a sa kowace giya, a taka birki, a kunna na'urar sanyaya ɗaki don robobinta su sha mai. In hali bai ba da wannan ba, kamar yadda bai ba mutanen Kazage ba a shekarun da muka ambata, to, a shirya ta sosai a bar ta ta yi barcinta.

Shirin kuwa yana farawa da juye. Mutane sukan ce, me ya sa zan sayi sabon baƙin mai in zuba wa motar da ba za ta je ko'ina ba? Amsa ita ce tsohon mai yana ɗauke da ruwa da asid da dattin ƙuna, in ya kwanta wata da watanni a kan ƙarfe sai ya yi masa tabo. A juye, a canza filta, a ɗan zagaya da motar don sabon man ya shiga ko'ina, sannan a kafe ta. Lagireto ma haka. Ruwan rijiya zalla da muka saba ɗurawa yana kawo tsatsa da ƙanzo, in ya zauna kuma sai ya toshe hanyoyin ruwa ya cinye famfo. Ruwan lagireto na kanti, mai launin kore ko ja, yana da maganin tsatsa a ciki, shi ya kamata mota ta kwana da shi.

Batun fetur ya fi wuyar yanke hukunci. Fetur ba ya daɗewa. Sassansa masu saurin kama wuta su ne ke fara tashi, abin da ya rage kuma iska takan mai da shi wani abu mai danƙo kamar ƙaro, mai warin tsohon fenti, wanda ke toshe kafireta a tsofaffin motoci, ya toshe nozul da famfon mai a sababbi. Daga wata uku zuwa shida ya soma juyawa, a ƙasa mai zafi kuwa ba ya kai haka. Littattafan Turawa sukan ce a cika tanki fal, don kada a bar wa iska mai laima wurin da za ta zubar da raɓa ta sa tsatsa. Shawara ce mai kyau ga ajiyar wata biyu ko uku a gidan da ke da tsaro. Amma wanda ya rubuta ta bai san inda fetur ya zama abin da ake fasa gida dominsa ba, bai kuma san gobarar daji ba. A wuri irin Kazage, in ajiyar za ta yi tsawo, ni na fi ganin a tsiyaye tankin, a bar inji ya ci abin da ya saura a bututu har ya mutu da kansa, a rufe murfin tam. Galibin motocin yanzu ma tankinsu na roba ne, tsatsa ba ta kama shi. Masu manyan motoci da tarakta su sani man gas ya fi fetur jimiri, sai dai in ruwa ya kwanta a ƙasan tanki wata irin gansakuka takan tsiro a ciki ta toshe filta.

Taya da birki ba su bukatar dogon bayani. Taya tana rage iska da kanta ko babu huji, in ta yi laushi kuma nauyin mota ya danne gefe guda, sai wurin ya baje, gefenta ya tsage. A ƙara mata iska kaɗan bisa yadda aka saba, kada dai a wuce adadin da aka rubuta a jikinta. In za a wuce wata shida, a ɗaga motar a ɗora ta bisa ƙarfe ko bulo mai ƙwari. Kada a ɗora ta bisa kututture a ƙasa tsirara, domin a ƙasar daji gara ba ta jin kunya, wata rana sai a tarar mota ta zauna a kan cikinta. A kare tayoyin daga rana da tsohon buhu ko kwali. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna makon da aka yi ta da shekarar: 2319, alal misali, mako na 23 ke nan na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba ta taɓa kwalta ba, saboda haka zanen taya ya yi kyau ba hujja ba ce. Hambirki kuwa kada a ja shi. In aka bar shi a jaye damina guda, takalmin birki yakan manne da ganga saboda tsatsa, sai an sa guduma. A sa weji gaba da baya, kamar yadda yaran mota ke yi a kan gangara.

To, sai mu zo ga abin da ya bambanta ƙasar Birnin Gwari da gareji a birnin Landan, watau wurin ajiya da maƙwabtan da mota za ta samu a can. Damina a nan tana kamawa daga wajen Mayu har Oktoba, ciyawa kuma tana tashi ta fi mutum tsawo. Motar da aka kafe a kan ƙasa, laima tana tasowa daga ƙarƙashinta kullum dare, ta ci bodi da bututun birki ta inda ido ba ya gani. In babu daɓen siminti, a zuba tsakuwa ko a shimfiɗa leda mai kauri. In kaka ta wuce, ciyawar nan da ta kewaye motar ta bushe, ita ce makamashi ran da aka sa wa daji wuta. A share ta tun da wuri, taku da yawa kowane gefe. Inuwar itace tana da daɗi, amma kashin tsuntsu da na jemage da ƙaron itace suna cin fenti, reshe kuma yana karyewa da iskar farkon damina. Rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe ta fi. Tamfol da ake lulluɓa mota da shi a ɗaure tam yana da illa biyu: da damina ya tsare gumi a ciki har kujeru su yi funfuna, da hunturu kuma ƙura ta shiga ƙarƙashinsa, iska tana kaɗa shi yana goge fenti kamar sanfefa. In za a rufa, a wanke motar ta bushe, a sa yadi mai shan iska.

Babban abokin gaba dai ɓera ne. Haƙoransa ba su daina tsiro, dole ya yi ta gaigaya, wayar mota kuwa ta yi masa daidai. Motar da ta yi jigilar masara, ƙwayoyi sun maƙale a ƙarƙashin kujeru da cikin but, an kuma kafe ta kusa da rumbu, an gayyace shi ke nan. A tsohuwar mota ɓarnarsa waya biyu ce ko uku, mai rewaya ya ɗaura cikin awa guda. A motar zamani yana iya cinye damin wayoyin da ke zuwa ƙwaƙwalwa, gyaran ya tasam ma kuɗin inji. A share motar sarai kada a bar ko ɓawon gyaɗa, a toshe bakin salansa da hanyar shan iska da ragar waya, a rubuta a takarda a manna a sitiyari don kada a manta a cire. A riƙa buɗe bonet lokaci lokaci, gama ɓera ba ya son wurin da ake leƙawa. Kyanwa a gidan ta fi guba amfani. Zanzaro kuma yakan gina ɗakinsa na laka a cikin kowane rami da ya samu, rina ta yi saƙa a bayan madubi, maciji ya bi ɓera ya shiga. Wanda zai buɗe motar da ta shekara a ajiye, ya fara bubbuga ta da sanda kafin ya sa hannu.

Akwai wani ɓeran mai ƙafa biyu, wanda ma'aikata suka fi kowa saninsa. Ku duba harabar ma'aikatu da sakatariyoyin ƙananan hukumomi, za ku ga motocin gwamnati a jere bisa duwatsu. Da yawansu ƙaramin abu ne ya tsayar da su, ana jiran a sa hannu a takardar kuɗin gyara. Ana cikin jira sai aka ari batirin don wata motar, aka ari taya, aka ari kik, har ta zama ƙwarangwal. Dokokin kuɗi na gwamnati sun tanadi kwamitin da zai duba kayan da suka daina aiki a yi gwanjonsu, amma sau da yawa kafin ya zauna babu sauran abin sayarwa. Jami'in da ke kula da motoci, in ya rubuta ranar da mota ta tsaya da abin da ke jikinta a littafinta, ya sa hannu, ya hana aro, ya ceci dukiyar jama'a fiye da yadda ake zato. A gida ma haka abin yake: aron farko shi ne mafarin wawashe.

Wani zai ce, duk wannan sai mai sukuni, wanda aka ce masa ya tashi yanzu fa? Rai ya fi mota, babu gardama. Amma in akwai minti goma, abu huɗu sun isa: a kwance kan batir, a saki hambirki a sa dutse, a rufe gilasai, a ɗauki takardun motar a tafi da su. Takardun sun fi muhimmanci, domin da su ne za a tabbatar da mallaka in an sace ta, ko in an tarar da ita a wani gari. Wanda kuma ya san tafiyarsa za ta kai shekara biyu ko uku, ya yi tunani ko sayarwa ta fi. Na san tun da darajar naira ta faɗi a 2023 mutane suna ɗaukar mota ma'ajiyar kuɗi, tun da farashinta hawa yake yi. Sai dai saniya in an ba da kiwonta haihuwa take yi, mota kuwa robobinta bushewa suke yi. In ba za a sayar ba, a ba amintacce ɗaya, a yi sharaɗi a gaban shaidu kan wanda zai ɗauki gyara.

Ran da za a tashe ta, kada a yi gaggawar murɗa makulli. A cire abin da aka toshe salansa da shi, a duba wayoyi da bututun roba da fambel, a duba ƙasa ko wani abu ya ɗiga. A shinshina tanki, in fetur ya juya a zubar a sa sabo. In ta haura shekara, makaniki ya kwance fulogi ya ɗiga ɗan mai a kowace silinda, ya juya inji da hannu tukuna, don kada zobban fistin su kankare bango a bushe. Man birki yana shan laima daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu ko an hau ko ba a hau ba; a canza shi, a gwada birkin a fili kafin a hau titi. Kulos yana iya mannewa, giya ta ƙi shiga, wannan ma aikin makaniki ne, ba na ƙarfi ba. Tafiyar farko ta zama gajeriya, a hankali, ido yana kan allurar zafi. Sannan a tuna lasin mota da inshora shekara guda suke yi, sun ƙare tana zaune. Inshorar da doka ta wajabta wa ƙaramar motar gida, wadda a da ake biya naira 5,000, ta koma naira 15,000 tun daga Janairu 2023, sai a sabunta su kafin a kama hanyar Kaduna.